Godiyar da Muka Kai Ƙasar Tarai

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kano ranar Juma'ar da ta wuce, mu uku a tsohuwar motar ma'ajinmu, wadda ba ta tashi sai an lallaɓa ta, but ɗinta kuma da igiya ake ɗaure shi. Shi ne a sitiyari, ciyaman ɗin kwamitinmu a gefensa da sabuwar hula, ni kuma a baya na rungume takardun yabo da muka sa aka saka a firem mai gilashi, ina kaffa-kaffa kada rami ya fasa mana ko ɗaya. Da na san abin da ɗaya daga cikinsu zai jawo, da a ramin farko na sake shi.

Ga waɗanda ba su sani ba, makarantar da muke wa hidima a Rano take. Ba ta gwamnati ba ce. Marigayi Malam, wanda ya koyar da mu, shi ya kafa ta, ta haɗa Islamiyya da boko. Abin da iyaye ke biya bai taka kara ya karya ba, wasu ma sai da kaka suke leƙowa. Gudunmawar jama'a ce ke riƙe da ita. 'Yan shekarun nan masu bayarwa sun ja baya, sai ciyaman ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani da shawara: duk wanda ya ba ka, ka bi shi har gida ka gode masa a gaban jama'a, ka ɗauki hoto ka yaɗa, wasu su gani su yi koyi. Ni ne mai waya a kwamitin, ni nake sa sanarwa a zauren tsofaffin ɗalibai da muke da shi a waya, don haka shawarar ta yi mini daɗi ƙwarai. Har sabuwar caja ta mota na saya saboda tafiyar.

Titin Zariya da sassafe ba laifi, in ban da manyan motoci da ke tafiya kamar su kaɗai suke biyan haraji. A Karfi muka karya kwana muka nufi Bunkure. Shinkafa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, gero an yanke an ɗaure dami-dami, dawa kuwa ta fid da kai, ja da fara, iya ganinka. Muka tsaya karin kumallo wajen wata tsohuwa mai ƙosai. Kuɗin da bara zai cika leda, bana ƙosansa bai rufe tafin hannu ba. Ma'aji ya ɗaga guda ɗaya ya ce, "Iya, ƙosan nan azumi yake yi ne?" Ta ce ya je ya tambayi mai wake da mai man gyaɗa, in sun ba shi amsa ya dawo ya gaya mata.

Rana ta ɗan ɗaga duwatsun Rano suka bayyana. Mun tarar da hedimasta a ƙofar makaranta yana jiranmu, don da shi za mu ƙarasa zagayen. Tare da shi akwai malamin lissafi, magidanci mai iyali da yawa, wanda tun bara abokansa ke kiransa ya zo Kano ya ja adaidaita sahu. Albashin da muke ba shi ba zai riƙe shi ba, kowa ya san haka. Abin da ya riƙe shi, shi da sauran malaman, dawa ce.

Duk shekara in an gama girbi, akori-kura takan tsaya a ƙofar makarantar ta sauke buhunan dawa, kowane malami ya samu abin da zai kai gidansa har damina ta yi nisa. Direban ba ya cewa komai sai, "An ce a ba malamai." Marigayi Malam ya san mai aikowa, amma ya tafi kabari da sunan. Bara aka canja direba, aka samu mai surutu. Ma'ajinmu ya zaunar da shi a teburin mai shayi, kafin a gama soya ƙwai ya faɗi suna da gari. Wani dattijo ne manomi a ƙasar Tarai. Firem ɗinsa ne mafi girma a cikin waɗanda na rungumo.

Za mu tashi, malamin lissafin ya riƙe hannuna ta tagar mota ya ce, "Don Allah in kun gan shi, ku ce masa yarana kullum suna yi masa addu'a, ko da yake ba su san sunansa ba." Na ce ya kwantar da hankalinsa, saƙo ya isa.

A cikin Rano muka fara, da wani Alhaji mai sayar da kayan gini wanda ya rufa mana aji guda. Sai da ya sa muka jira ya canja babbar riga. Aka ɗauki hoto ya ce bai yi ba, hularsa ta karkace, aka sake. Kafin mu fito ya yi alkawarin siminti. Daga nan sai Kibiya, gidan wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli da take saya wa yara tabarmi duk shekara. Tana ganin sunanta a cikin gilashi ta rangaɗa guɗa, ta aika a kira maƙwabta, ta ce a saman gadonta za a rataye shi. Ta cika mana leda da ƙuli-ƙuli mai sukari, irin wanda haƙorin ma'aji ba ya iyawa amma bai ƙi ba. Muna shiga mota ciyaman ya waiwayo ya ce, "Kun gani ko? Ɗan'adam yana son a gode masa." Muka ce ƙwarai kuwa. Gaskiya a lokacin kanmu ya yi girma.

Hanyar da ta kai mu garin dattijon burji ce, ruwan damina ya cinye gefenta, ga shanun Fulani da ba su san hon ba. Muna tafe muna rangaji sai hedimasta, wanda mutum ne marar yawan magana, ya yi gyaran murya ya ce wa ciyaman, "Ranka ya daɗe, wannan na ƙarshen, da mun same shi shi kaɗai mun gaisa kawai. Mutumin da ya ɓoye kansa tun zamanin Malam, ina ganin da dalili." Ciyaman ya ce ai kunya ce irin ta mutanen karkara, in an karrama shi zai ji daɗi a ransa. Ni ma na tsoma baki, na ce labarinsa ne ma zai fi taɓa zuciyar mutane a zaure. Hedimasta ya koma kallon gonaki.

Mun isa ana shirin huɗuba. Ciyaman ya ga gari duk ya hallara, ya ce dama ta samu. Ya raɗa wa liman cewa baƙi ne daga Rano da saƙon alheri, aka ba shi lasifika bayan an idar. Ya yi bayanin makaranta, ya yi bayanin dawa, ya faɗi yadda take zuwa tun zamanin Malam ba fashi, sannan ya kira sunan dattijon da na mahaifinsa. Masallaci ya ɗauki kabbara. Mutane suka riƙa waiwaye suna cewa, "Ashe Baba ne? Baban namu?"

Can a sahun baya wani siririn tsoho ya miƙe, da shuɗiyar riga da ta sha wanki. Sai da aka riƙa tura shi gaba. Ya karɓi firem ɗin da hannu biyu kamar an miƙa masa tukunya mai zafi, bai ko dubi rubutun ba. Na ce, "Baba, a ɗan kalli nan." Ya kalle ni, na danna. Da yake a harabar masallacin ne kaɗai waya ke kamawa, nan take na tura hoton zaure, har da dogon bayani. Sai yanzu in na tuna idanunsa nake gane cewa ba kunya ba ce na ɗauka.

Ya ja mu gidansa, don baƙo ba ya komawa da yunwa. Gidan ƙasa ne, zaure ɗaya, kawunan rumbunansa na leƙowa ta saman katanga. Muka ajiye mota a ƙofa. Aka kawo fura da nono mai kauri, aka biyo da tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa. Shi bai ci ba. Ya zauna a bakin tabarma, firem ɗin a kife kusa da ƙafarsa.

Ba mu yi nisa da ci ba babban ɗansa ya shigo, magidanci ne da furfurarsa ta fara fitowa. Ya gaishe mu da ladabi, ya tsuguna, sannan ya ce, da mu yake magana ba da uban ba, "Ashe nan dawar take tafiya. Shekara da shekaru ina roƙon a sayar da 'yan buhuna a saya mini injin ban-ruwa in yi noman rani, ana ce mini babu. Mun gode da kuka sanar da mu." Ya tashi ya fita. Tsohon bai ɗaga kai ba. Lomar da ke hannuna na rasa inda zan kai ta.

Daga nan sallama ta fara. Wani maƙwabci ya zo barka, ya ƙare da cewa matarsa na kwance ba kuɗin magani. Wasu dattawa biyu suka zo barka, suka tuna masa rufin masallacin unguwa na yoyo. Wani ma daga nesa ya fara kirarin roƙo. Kowa barka a baki, buƙata a aljihu. Tsohon ya amsa wa kowa da haƙuri, sannan ya ce mu ci gaba da ci, bari ya leƙa dabbobi. Ya ɗauki firem ɗin ya fita da shi, ya ɗan jima kafin ya dawo.

Da za mu tafi ya rako mu bakin mota. Ya dube ni ya ce, "Yaro, hoton nan ya tafi?" Na ce, "Ya tafi, Baba." Ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ni ban yi karatu ba, gona na sani. Na ce tunda ba zan iya koyar da ɗan kowa ba, bari in ciyar da masu koyarwa. Ya zama ina da abu guda tsakanina da Ubangijina, wanda ko uwar yaran nan ba ta sani ba. Shi na tanada don kwanciyar kabari. Yau kun raba wa gari shi a lasifika."

Ciyaman, wanda ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba, ya cire sabuwar hularsa ya ce, "Baba, a yafe mana, don Allah."

"Na yafe, ai alheri kuka nufa. Ta bana na riga na yi niyya, za ta zo. Daga ita kuma ku nemi wata hanyar. Kun dai ji yaron nan, kun ga masu sallama. Rumbun ya zama na kowa. Allah ya kiyaye hanya."

Muka hau kwalta. Nan waya ta dawo hayyacinta ta riƙa kuka a aljihuna da saƙonnin zaure. Masha Allah, Allah ya saka wa Baba, a ba mu lambarsa, wani har yana cewa ƙungiyarsu ma na neman irinsa. Na goge hoton, amma an riga an tura shi zauruka da ban san adadinsu ba. Abin ya yi mini ciwo, ya kuma ba ni kunya, don mu ne fa muke sa a koya wa yara falalar sadakar ɓoye a aji.

Gab da magariba muka sauke hedimasta a Rano. Malamin lissafi na zaune a dakalin ƙofar makaranta, ashe jiranmu yake. Ya taso da fara'a ya ce, "Kun same shi? Kun isar mini da saƙona?" Sai a lokacin na tuna. Cikin hidimar lasifika da hoto, saƙo guda da tsohon zai so ya ji, addu'ar yaran da ba su san sunansa ba, shi ne muka manta. Hedimasta ne ya ce, "Ta bana za ta zo." Malamin ya maimaita, "Ta bana." Ya kalli ajinsa. Sannan ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali ko ɗakin haya yana tsada a unguwarmu a Kano.

Ana kiran isha muka iso ƙofar gidana. Ma'aji ya kwance igiyar but don in ɗauki rabona na ƙuli-ƙuli, sai ga firem ɗin tsohon a kife a ciki, an ɗora masa ƙullin sabuwar gyaɗa a wani tsohon zane. Ba wanda ya ga lokacin da aka sa. Muka tsaya mu uku muna kallo.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Masu bayarwa ba iri ɗaya ba ne. Alhajin Rano da Hajiyar Kibiya hoto ya faranta musu, kuma ba laifi suka yi ba. Amma akwai wanda babbar godiyar da za ka yi masa ita ce ka bar shi yadda ka same shi, kuma tambaya ɗaya tak, shi kaɗai, kafin a kunna lasifika, da ta ishe mu. Ba mu yi ba. Yanzu muna da siminti, baɗi kuwa ban san wa zai koyar da lissafi ba.

Masu turo mini saƙo kuna neman sunansa da garinsa, ku yi haƙuri, mun faɗa sau ɗaya kuma ya isa. Na shiga gida da gyaɗar, maiɗakina ta kwance ƙullin ta ce wa ya ba mu wannan mai kyau haka. Na ce wani bawan Allah ne.