Sirdin Suruki

Mai Labule mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Tun yana koyon ɗinki haka yake: in aka miƙo masa shayi ba sukari zai shanye ya yi godiya, in mai aski ya karkata masa gaban goshi zai dubi madubi ya ce ya yi kyau. Da haka ya girma, ya yi aure, ya samu aiki a wani kamfanin ɗinka labule da zannuwan gado, inda laƙabin ya manne masa har aka manta sunansa na gaskiya. Mutane suna yabonsa da haƙuri. In za a faɗi gaskiya, rabi ne haƙuri, rabin kuwa tsoron ya ga fuskar mutum ta canza saboda shi.

Da kamfanin ya tashi daga tsakiyar gari ya koma bayan layin dogo, zuwa aiki ya zama wani aikin na daban. Mota biyu yake shiga, ta biyun kuma ba ta motsawa sai ta cika maƙil. Kullum ya iso sai ya tarar abokan aiki sun yi nisa, mai kula da su yana tsaye bakin ƙofa yana duban agogon hannunsa. Wata rana da yamma yana ba matarsa labari a tsakar gida, bai san surukinsa yana saurare daga ɗaki ba.

Surukin nan, wanda kowa a gidan yake kira Baba, ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya gari a kan keke, gida-gida, yana duba mitar ruwa. Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, idanunsa kuma suka yi yana, sai 'yarsa ta ɗauko shi ya dawo wurinsu. Tun zuwansa bai cika magana ba. Yini yake yi kwance, fuska ga bango, abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. Amma ranar nan sai aka ji muryarsa, yana cewa a fito masa da kekensa daga ɗakin ajiya.

Keken baƙi ne, dogo, mai nauyi kamar ƙyauren ƙarfe. An wanke shi, an sa wa sarƙar mai, an yi wa tayoyin iska, ya fito fes. Sirdin ne abin kallo. Na fata ne, ya bushe ya ƙandare, shekaru sun lotsa shi har ya ɗauki siffar mai shi. Baba kuwa siriri ne, kuma a karkace yake zama, don haka lotsawar ta zurma hagu, tsakiyar ta taso ta yi tsini. Mai Labule mutum ne mai jiki.

Tsohon ya shafa sirdin da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Irin wannan ba a yin sa yanzu. Ka ba shi lokaci kawai, zai saba da kai."

Mai Labule ya durƙusa ya yi godiya, kuma har zuciyarsa ya yi ta.

Ranar farko ya riga kowa isa, har sai da ya jira mai gadi ya buɗe ƙofa. Da ya sauko ya ji mazaunansa sun ɗan yi tsami, ya ce rashin sabo ne. Kafin mako ya zagayo, rashin sabon ya zama wuta. Fatar cinyoyinsa ta saluɓe, ƙashin zamansa na dama yana zogi kamar an buga masa guduma, in ya faɗa rami a hanya kuwa sai ya ji abin har cikin haƙoransa. Da ma aikinsa na tsaye ne da da sauƙi. To, aikinsa zama ne, daga safe har yamma, a kan kujerar katako, gaban keken ɗinki. Ya sauka daga wannan keke ya hau wancan, babu wanda ya tausaya masa a cikinsu.

Ya koma zama da gefe ɗaya. Ya tara ƙyallayen da aka yar ya yi matashi. Mai yankan yadi, wanda teburinsa yake kallon nasa, ya lura, ya tambaye shi ko kujerar ce ta fara cizo. Matar da take guga ta ce a bar bawan Allah, ƙila sarauta yake koyo. Aka yi dariya, shi ma ya yi, don bai iya ƙin taya mutane dariya ba ko da a kansa ake yi. Amma mutumin da yake zaune a karkace ɗinkinsa ma karkacewa yake yi. Aka fara dawo masa da labule ana cewa ya warware, shi da a da ake nuna wa sababbin ma'aikata aikinsa.

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya sa wando biyu, zufa ta taru, abin ya ƙaru. Ya ɗaura soso a kan sirdin, soson ya riƙa zamewa yana goge shi a wurin da bai taɓa ciwo ba. Ya koyi tuƙi a tsaye kan feda kamar mai tsere, gwiwoyinsa suka ce ba su san zance ba. Da ya dawo gida matarsa takan dafa masa ruwa ta zuba gishiri, ta miƙa masa man shafawa ta bayan ƙofar banɗaki. Ta ce masa tun da wuri ya gaya wa Baba a canza sirdin. Ya kasa. Da wane baki mutum zai zauna gaban surukinsa ya yi masa bayanin wannan wuri?

Kunya ma ba ita ce babbar matsalar ba. Matsalar ita ce Baba ya tashi. Tun ranar da keken ya koma kan hanya, tsohon da ba ya juyowa daga bango ya fara cewa a fitar masa da kujera ƙofar gida in rana ta yi sanyi. Can zai zauna, kunne a hanya, har ya ji ƙararrawar. Mai Labule zai sauko ya turo keken gabansa, shi kuma ya bi shi da hannu: ya matsa taya, ya taɓa sarƙa ya shinshina yatsa, ya ja birki, daga ƙarshe ya ɗora tafinsa a kan sirdin ya bar shi nan. Sai tambaya ta biyo baya. Ta wace hanya ya bi? Gidan nan mai jar ƙofa da karensa ya taɓa yaga wa tsohon wando yana nan? An gyara gadar? Daga nan labari ya ɓarke, har a kawo abinci, ya cinye bai sani ba. Matar Mai Labule ta taɓa tsayawa a bakin kicin tana kallon mahaifinta yana suɗe kwano, ta juya ta goge ido da gefen zane.

To, ka ga inda aka tsare shi. In ya ajiye keken, ya makara a aiki, kuma tsoho ya koma bango. In ya canza sirdin, hannun nan zai gane kafin ya buɗe baki. In ya ci gaba a haka, jikinsa ne zai ƙare. Kullum da yamma Baba yakan tambaye shi ya sirdin, shi kuma ya ce lafiya lau, yana tsaye ƙafa a ware kamar mai jiran a auna masa wando.

Da maruru ya fito masa, ya je kemis. Mai kemis ya saurare shi, ya ba shi magani, ya ce ko ya bar hawa keken ko ya canza abin zama, in ba haka ba maganar za ta kai ga asibiti da wuƙa. A hanyar dawowa, yana tura keken da hannu, ya tsaya wurin wani mai gyaran keke da yake da rumfa a kwanar babban titi, inda ba a hangowa daga gida. Ya sayi sabon sirdi mai faɗi, mai sifirin a ƙasa, ya sayi sifana. Sannan ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi abin da yake so: a ba shi ƙusa ɗaya a jikin rumfar. Da safe zai zo ya kwance tsohon sirdin ya rataye, ya ɗaura sabon. Da yamma ya mayar.

Mai gyaran ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce ya ga masu ɓoye sigari, ya ga masu ɓoye waya, amma bai taɓa ganin magidanci yana ɓoye sirdi ba. Duk da haka ya nuna masa ƙusar.

Haka rayuwa ta koma. Daga gida zuwa kwana ya sha azaba, daga kwana zuwa aiki ya huta. Marurun ya fashe ya warke, fata ta koma, ɗinkinsa ya miƙe. Matarsa ta tsinci sifanar a aljihunsa ranar wanki, ta juya ta, ta mayar, ta ce ita ba ta ga komai ba. Sai dai sauƙin bai kai zuci ba. Baba ya lura tafiyarsa ta daidaita, ya yi murna, ya bubbuga sirdin ya ce, "Ban gaya maka ba? Ga shi ya saba da kai." Mai Labule ya ce ƙwarai kuwa, Baba. Ya tsani durƙuson nan na bakin titi, hannu duk baƙin mai, yana waige-waige kamar ɓarawo, don kada wani maƙwabci ya wuce ya kai labari. Sau da yawa ya yi niyyar yau zai faɗa, sai ya hango kujerar a ƙofar gida da farin kan da yake karkata wajen hanya, niyyar ta narke.

Abin da ya tona shi ba maƙwabci ba ne. Wata rana ce mai daɗi. An yi ruwa da rana, gari ya yi sanyi, mai kula da aiki ya ɗaga wani labulen da ya ɗinka ya nuna wa kowa. Ya taso yana tuƙi a hankali, iska tana shiga rigarsa, babu inda yake masa ciwo. Da ya zo kwana mai gyaran ya ɗaga hannu yana kiransa, shi kuma ya ɗaga nasa ya amsa gaisuwa ya wuce. Ya karya kwana, ya kaɗa ƙararrawa, ya sauko, ya tura keken gaban tsohon yana murmushi.

Hannun ya matsa taya. Ya taɓa sarƙa. Ya ja birki. Sai da ya ɗaga zai sauka a kan sirdin sannan Mai Labule ya ga abin da yake kai: sabon sirdin ne, ya manta bai canza ba.

Tafin ya sauka, ya tsaya. Yatsun suka bi gefen, suka danna, sifirin ya yi ƙasa ya dawo. Suka laluba inda lotsawar take, babu.

"Ina nawa?"

"Yana nan, Baba. Yana wurin mai gyara, a kwana. Yanzu zan ɗauko."

"Lalacewa ya yi?"

Ga ƙofa a buɗe, ƙarya ɗaya ta isa. Amma Mai Labule ya gaji. Ya durƙusa a gefen kujerar, kai a ƙasa, ya faɗi komai: ciwon, kemis, ƙusar, sifanar. Tsohon bai katse shi ba. Da ya gama, ya tambaye shi tun yaushe, ya ce tun kafin damina.

Baba ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Kullum ina tambayarka, kana ce mini lafiya lau," in ji shi. "Ashe har na kai a riƙa lallaɓa ni kamar yaro."

Ya kira 'yarsa ya ce ta shigar da shi, sanyi ya fara.

Washegari Mai Labule ya karɓo tsohon sirdin ya ɗaura, ya bar wa mai gyaran sabon ya ce ya sayar. Da shi ya je aiki, da shi ya dawo, yana cije leɓe. Ya fara kaɗa ƙararrawa tun daga kwana. Ƙofar gida babu kujera. Ya tura keken har cikin ɗakin tsohon, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ga shi ya mayar, ya taɓa ya ji. Baba bai juyo ba. Daga wajen bango ya ce ya sa wanda ya fi masa daɗi, ai shi yake hawa.

Matarsa ta ce ya koma ya karɓo sabon, tunda an ba shi izini, kuma wahalar ba ta da mai kallo yanzu. Ya ce to. Bai je ba. Har yau a kan tsohon sirdin yake zuwa aiki, a karkace, kuma mai yanka ya daina tsokanarsa. Da yamma in ya karyo kwana yakan kaɗa ƙararrawa, ya rage gudu, ya duba ƙofar gida kafin ya sauko ya shigar da keken ɗakin ajiya.