Yatsan Baba Ishaya

Aikin Mabel Zamani neman laifi ne, a kansa ma aka ɗauke ta. Kamfaninsu ɗan ƙarami ne a Dutsen Kura, manhajarsu ita ce wadda manoman doya ke kiran motar ɗaukar kaya da ita. Wasu su rubuta manhajar, ita kuma ta bi ta gwada, ta dawo musu da abin da ya lalace. Ba wanda ke murnar ganin ta nufo teburinsa.

Gwajin iri biyu ne. Akwai wanda take rubuta wa kwamfuta umarni, kwamfutar ta yi ta danne-danne da kanta, in komai lafiya allo ya nuna kore. Wannan ya cinye mata idanu da ƙugu. Sai na hannu: ranar kasuwar Beji takan shiga mota ta je ta zauna cikin manoma, ta zuba ido ta ga yadda suke fama da wayoyinsu. Duk mako wannan ranar kaɗai take numfasawa, ita ce kuma ta hana ta ajiye aikin.

A can ta lura da wani tsohon manomi, Baba Ishaya. Yatsansa ya yi kanta, sabis kuma na wahalar da su, saboda haka in ya danna bai ga motsi ba sai ya ƙara, ya kuma ƙara, har ya kira motoci uku a kan kaya ɗaya. Mabel ta dawo ta sa aka gyara. Da ta tsaya nan da an zauna lafiya. Amma ita ba ta iya aiki rabi da rabi ba, ta zauna ta koya wa kwamfuta dannawa irin ta tsohon, har da jinkirin, har da ƙufulewar. Haka ta yi da duk wata ɗabi'a da ta kwaso daga Beji.

Shugabansu Abdulsalami ya gani, ya yaba ƙwarai.

"To ai shi ke nan, Mabel, kin huta da hanya. Tunda kwamfuta ta iya, zuwa Beji ya ƙare."

"Oga, abin da na riga na gani kawai ta sani."

"Mu ma shi muke buƙata."

Ba ta ja ba, ta gaji da ja.

Kasuwa ta zagayo, tana ofis, allo kore shar, sai ga kiran Baba Ishaya.

"'Yata, lafiya shiru? Ga mu nan muna jiran ki, abin nan ya ɓullo da wani sabon hali."

"Baba, an hana ni zuwa. Ku aiko da ƙorafin ta cikin manhajar."

Ya ce, "Ai wurin aikawar ne ya ƙi buɗewa."