Girgizar da Abarshi Ya Rasa wa Shaida

Duk wanda ya taɓa kai keke gyara a Dogarawa cikin shekarun tamanin ya san Abarshi. Rumfarsa tana bakin hanya, ƙarƙashin wani dogon yaro. Hannunsa na da kyau, facin da ya yi ba ya ɗagowa. Amma ba don faci kaɗai ake zama wurinsa ba. Abarshi mutum ne mai labari, kuma labarinsa ba ya tsayawa inda ya ƙare. Shekara biyu kacal ya yi yana aikin mota tsakanin Ƙonni da Tawa tun yana saurayi, amma in ka saurare shi sai ka rantse ya kewaye duniya. Shi ne ya tare kamyo, wato babbar motar siminti, da birki ya tsinke masa a gangaren Malbaza. Shi ne ya kama kura da hannu a dajin Illela har ta yi fitsari. Mutane su yi dariya, su hau kekunansu su tafi. Ba mai jin haushinsa, don ƙaryarsa ba ta taɓa rage kowa ba, shi kaɗai take ƙara wa tsawo.

Matarsa Hindu mai ƙuliƙuli ce, ba ta da yawan magana, in ta ce an yi to an yi. Mata in gardama ta sarƙe ita ake kira. Shekara ashirin da biyu labaran mijinta suna dawo mata ta bakin masu sayen mai, ba ta taɓa ƙaryata shi ba, ba ta kuma taɓa gaskata shi ba.

Wata ranar kasuwa, lokacin sanyi, Abarshi ya koma gida da azahar cin abinci. Gidan yana can ƙarshen gari, daga shi sai gonaki. Mahaifiyarsa, Inna Saratu, wadda ciwon gwiwa ya zaunar, tana kan tabarma a inuwar rumbu. Hindu tana matsar mai. Shi kuwa ya jingina da bango, rediyo a cinya, yana sauraren kokowa.

Kaji ne suka fara watsewa. Sai wani ruri ya taso, kamar kamyo na wucewa ta ƙarƙashin gidan. Kwanukan jeren Hindu suka kama kaɗawa cikin ɗaki, ruwan randa ya fantsalo, taɓarya ta faɗi. Ƙasa ta motsa ƙarƙashin Abarshi kamar bisa jaki yake zaune. Duka abin bai kai tsawon Fatiha ba.

Bai san lokacin da ya tashi ba. Ya dai ga kansa tsaye cikin gonar maƙwabci, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya rungume rediyo a ƙirji, mai ba da labarin kokowa yana ta zuba. Bai bi ta ƙofa ba, zanan gidan ya fasa ya wuce. Da ya dawo ta ramin da ya yi, ya tarar Hindu ta riga ta ciccibo Inna ta ajiye ta tsakiyar gida, nesa da rumbu. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa.

"Alhamdu lillahi," in ji ta, "an ceci rediyo."

Ba a yi wata ɓarna ba, sai tsagewa kaɗan a bangon ɗaki. Abarshi ya nemo takalminsa ya nufi kasuwa. Kafin ya isa, labarin ya yi ƙiba a hanya: ga shi ya goya Inna, ga shi ya tokare rumbu da kafaɗa kada ya faɗa kan Hindu. A kasuwa kuwa, cikin hayaniya da wucewar manyan motoci, ba wanda ya ce ya ji komai. Aka kwashe da dariya. Mas'udu mahauci ya ce wannan ta fi ta kura daɗi.

Karo na farko ke nan da dariya ta yi wa Abarshi zafi. Ya yi rantsuwa, aka ƙara dariya. Ya ce to a je a tambayi Hindu. Nan wurin ya ɗan lafa, don sunan Hindu ba na wasa ba ne. Bayan la'asar Liman da kansa ya jagoranci mutum biyar zuwa ƙofar gidan, aka yi sallama da ita, ta tsaya daga ciki.

"Mi ya ce maku, Malam Liman?"

Aka maimaita mata, da goyon da tokare rumbun.

"Wannan kam ban gani ba," in ji Hindu, ta koma kan kaskonta.

Kwana uku Abarshi yana faci kansa a sunkuye. Mutane su zo su riƙe ginshiƙin rumfarsa, wai kada ta motsa. A rana ta huɗu ya kasa daurewa, ya same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Ke ma fa kin ji ta."

"Na ji ta, Maigida."

"To don mi kika bar ni cikin kunya?"

"Ba girgiza suka tambaye ni ba, rumbu suka tambaye ni. Ka faɗi wadda muka gani mu uku, ni shaida ce."

"Har da takalmin," in ji Inna daga kan tabarma.

Ya yi ta juya maganar har Juma'a. Da aka sauko daga masallaci ya tsayar da mutane, ya faɗi yadda aka yi, bai rage ba. Ya faɗi rurin da kwanukan, ya faɗi zanan da ya fasa, ya ce uwarsa ya bari ya ɗauki rediyo, mace ce ta yi aikin maza. Yana magana yana kallon ƙasa.

Liman ya gyara murya. "Tun ina da baƙin gemu nike jin Abarshi, ban taɓa jin ya gudu cikin labarinsa ba. Wannan ta faru." Sannan ya ce shi ma ranar yana zaune bisa buzu ya ji ta, ya ɗauka hajijiya ce. Wani maƙeri ya ce guduma ta faɗo masa daga kan uwar maƙera. Har Mas'udu ya amsa cewa ya ga naman da ya rataye yana lilo ba iska. Ashe mutum goma sun ji, kowa ya haɗiye, don kada a ce ya zama Abarshi na biyu. Sai a lokacin dariyar ta ɓarke, wannan karon har da Abarshi, har yana share hawaye da hular kansa.

Ba a sake zuwa tambayar Hindu ba. Da yamma Abarshi ya sayo sabon zana ya kama toshe ramin. Inna tana kallonsa har ya kusa ɗaure igiyar ƙarshe, sannan ta ce ya bar ƴar kafa daidai faɗinsa, ba a san abin da Allah zai sake kawowa ba. Hindu ta juya baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.