Ayabar da Goggo Larai Ta Tone

Duk wanda ya zauna a layinmu na Briqueterie, wato Birik kamar yadda mu 'yan Yawunde muke kiran unguwar, ya san Goggo Larai, kuma da wuya a ce ba ta taɓa zarginsa da wani abu ba. Ni Aisatu mai ƙosai, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata shekara da shekaru, don haka na sha rabona. Ta zargi kajina, ta zargi 'ya'yana, ta taɓa zargin hayaƙin kaskona da kakkaɓe mata furen kuɓewa. In ka gaishe ta da fara'a sai ta ce ruwa ba ya tsami banza. In ka wuce ba ka gaishe ta ba, to ka tabbatar mata da abin da ta daɗe tana zato.

Daga Garwa aka kawo ta tana amarya, gidan Malam Abdussamad mahauci, Allah ya jiƙansa. Ta tsufa a Yawunde amma ba ta taɓa sakin jiki da garin ba. Ƙasar ja ce, ta ce ba ta yarda da ita ba. Damina tana zuwa sau biyu a shekara, ta ce baƙon da ya dawo bayan an yi sallama da shi akwai abin da ya hango. Duk da haka a wannan jar ƙasa ta yi abin da ya gagari kowa a Birik, inda ko wurin shanya sai an yi rigima: ta yi lambu. Wani ɗan tsukin fili ne tsakanin bayan ɗakinta da lambatu, ta kewaye shi da tsohon kwano, ta ƙara da fasassun robobi da tayoyin mota cike da ƙasa. A ciki akwai yakuwa da rama da lalo da kuɓewa da barkono, ga zogale a kusurwa, ga lalle. Iri kuwa sai na arewa, wanda direbobin manyan motoci ke kawo mata, shi ma sai ta zuba a tafin hannu ta ƙare masa kallo tana tambayar direban ko ya tsaya a hanya.

Tana da al'adunta da ba sa tashi. Da ruwan farko ya sauka a watan Maris take shuka. Kafin watan Mayu ya ƙare yakuwa ta isa tsinka, kuma tsinkar fari ba ta shiga tukunyarta, sai ta ƙulla dami-dami ta aika gidajen maƙwabta sadaka, har da gidajen waɗanda take zargi, wato kowa da kowa. Ranar Babbar Sallah kuma, a matsayinta na matar mahauci, ba ta bari a zubar da abin cikin tumbi a lambatu. Takan bi gidajen da aka yi yanka da bokiti ta kwaso, ta haƙa rami tsakanin kunyoyi ta binne, ta ce babu takin da ya kai shi. Gaskiya ne kuma, don yakuwarta ganye take yi kamar tafin hannu.

Sai kiriz ta shigo, wannan matsin da ya sa ma'aikata masu ɗaura nakatayi suka koma tuƙin taksi. Aka zaftare albashi, aka sake zaftarewa, sannan aka karya darajar kuɗinmu, sefa. Misbahu, autan Goggo kuma ɗanta namiji ɗaya da ya rage, yana tuƙa mota a wani kamfanin gwamnati, aka sallame shi tare da ɗaruruwa. Daga nan lambun da muke yi wa dariya ya zama shi ne cefanen gidan. A samo garin masara a kasuwar Mokolo, miya tana bayan ɗaki.

Matar Misbahu ita ce Rahinatu. Ba sunan da iyayenta suka raɗa mata ke nan ba. 'Yar wani ƙauye ce ta wajen Obala, ta musulunta kafin auren, ta koyi salla, ta koyi Hausa irin ta kasuwa, mai gajerun jimloli. Yarinya ce mai shiru-shiru, kuma shirun nan ne ya fi ci wa Goggo rai. Mai surutu ka san cikinsa, in ji ta. Ba ta cin girkin surukarta sai ta ga ta kai loma bakinta tukuna. In Rahinatu ta daka ganyen rogo irin na garinsu, Goggo takan leƙa turmin ta ce a ƙasarsu awaki ake ba wa wannan. Na sha ce mata ta ji tsoron Allah, yarinyar nan ta bar iyayenta da cocinsu saboda ɗanta. Sai ta ce ai shi ne abin tambayar.

A farkon daminar shekarar da aka karya sefa Rahinatu ta haihu, namiji. Aka sa masa sunan kakansa Malam Abdussamad, muna kiransa Baballe. A nan na ga Goggo Larai da ban sani ba. Ita ke dafa ruwan wankan jego, ita ke goya jariri tana cire ciyawa, tana ce masa angona, tana yi masa tsiya wai ya zo aure ba ko sisin cefane. Ban taɓa ganin ta so wani abu ba tare da ta bincike shi ba sai yaron nan.

Uwar Rahinatu ta zo suna daga ƙauye, ta kawo doya da gyaɗa, da wata 'yar ayaba a cikin buhu, irin wadda ake soyawa. Ta ce a dasa wa yaro. Goggo ta ce lambunta ba daji ba ne, ayaba inuwa gare ta, ga shan ruwa. Sai da Misbahu ya yi ta roƙo kafin ta ba da kusurwar da ke kusa da lambatu. Bayan kwana biyu da safe uwa da 'ya suka shiga suka dasa, su kaɗai, suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Goggo tana kallonsu ta hujin kwano. Ta ce mini ta ga tsohuwar ta sunkuya ta daɗe fiye da yadda dashe ke buƙata.

Tun daga ranar ba ta ƙara samun natsuwa ba. Kullum da hantsi Rahinatu takan ɗauki ruwan da ta yi wa Baballe wanka ta kai gindin ayabar ta zuba, ta ɗan tsaya, leɓɓanta na motsi. Goggo ta lura. Yakuwar da ke kusa da wurin ta fara yin rawaya, Goggo ta lura da wannan ma. Na ce mata ruwan sabulu ne, ko ni na zuba haka za ta yi. Ta dube ni sama da ƙasa, har na ga alamar ta fara lissafa ni cikin maƙarƙashiyar.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, wadda a shekarar ta faɗo cikin watan Mayu, Misbahu ya durƙusa gaban uwarsa ya ce bayan Sallah zai bi wani abokinsa Mamadu zuwa Gabon, an ce ana neman direbobin motar katako. Goggo ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, ta ce biri ya yi kama da mutum. Auta da ko Duwala bai taɓa kwana ba, yau shi ne zai ƙetare iyaka? Kurciya aka yi masa, asirin nan da ke sa mutum ya bar garinsu ya shiga duniya ba waiwaye. A raba ta da ɗanta, gida ya zama na yarinyar da danginta. Kuma ta san inda aka binne abin.

Na yi mata magana iya iyawata. Na ce kurciyar da ta kori Misbahu ita ta kori rabin samarin Birik, sunanta kiriz. Na ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ce in tana shakka ta kira yarinyar ta tambaye ta, ai baki gare ta. Ta ce wa ya taɓa tambayar ɓarawo inda ya ajiye kaya. Haushi ya kama ni na ce ta tashi mini daga gado ina da wake a jiƙe.

Ranar Sallah ba a yi yanka a gidansu ba, kamar gidaje da yawa a layin. Amma Goggo ta aika tsinkar fari gida-gida yadda ta saba, ta ɗauki bokitinta ta zaga wajen waɗanda Allah ya hore wa rago. Da azahar Misbahu ya fita gaishe-gaishe, Rahinatu ta goya Baballe ta tafi kai wa wata ƙawarta tuwon Sallah a unguwar Nkomkana. Goggo ta shiga lambu da fartanya kamar mai shirin binne taki, sai dai ba tsakanin kunyoyi ta nufa ba. Ina tsakar gida ina taya matan maƙwabcinmu Ɗanmalam babbakar kai da ƙafa na ji saran, na ji faɗuwar ganye.

Ta fito zaninta duk jar laka, tana riƙe da wani abu a bakin fartanya don kar ya taɓa hannunta. Wani ɗan ƙulli ne da bai wuce goro ba, an naɗe shi da tsumman atamfa, an ɗaure da baƙin zare. Ta ɗaga shi kowa ya gani. Fuskarta har wani haske take yi, irin na wanda aka daɗe ana ƙaryatawa. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, na fara gaskata ta, don duk wanda ya tashi a cikinmu ya ga ƙulli da baƙin zare a binne abu ɗaya zai kawo a ransa. Wata ta ce a kira malam, wata ta ce a buɗe a gani. Goggo ta ce ba a buɗe irin wannan. Ta yi bisimilla ta jefa shi cikin wutar babbaka, ta tsaya a kai tana karanta Falaƙi da Nasi har ya cinye.

La'asar ta yi Rahinatu ta dawo. Ta ga mata sun yi cirko-cirko suna kallonta, ta ga ayabar a yashe a bakin lambatu, saiwa a sama. Ta wuce lambu da gudu, goyo na tsalle a bayanta. Muka tarar da ita a durƙushe tana tona ramin da hannu biyu. Goggo ta tsaya a kanta ta ce ta daina wahalar da kanta, abin da take nema ya zama toka, kuma Auta ba inda za shi.

Rahinatu ta ɗago. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana da Hausa ba sai ran nan.

"Inna, cibiyar Baballe ce. Wadda ta faɗi. A wajenmu ana binne ta a gindin ayaba, inda take nan ne gidan yaro, ko ina ya je zai dawo. Mamata ta ce in ba ta ta kai ƙauye. Na ce a'a, gidan ubansa."

Wata daga cikin matan ta tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko. Rahinatu ba ta dubi mai tambayar ba, surukarta ta duba.

"Da na faɗa, Inna za ta yarda?"

Can Goggo ta ce, ba da ƙarfi ba, wai ai haka yarinyar za ta ce. Amma na san Goggo Larai, na san muryarta in ta kama mutum, kuma ba ita ce wannan ba. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, har yau ban san wanda ya fi yawa ba.

Misbahu ya tafi Gabon bayan Sallah kamar yadda ya faɗa, don toka ba ta samar masa aiki ba. Kafin ya tafi ya raka matarsa da ɗansa ƙauyensu. Ba saki aka yi ba, ba faɗa. Rahinatu ta ce kawai ba za ta iya zama ba miji a gidan da ake leƙenta ta hujin kwano ba, shi kuma ya yarda. Ta durƙusa ta yi wa Goggo sallama yadda ya kamata. Goggo ta karɓi Baballe ta riƙe shi ta daɗe, ba tsiya ba waƙa, har mai taksi ya gaji da hon.

Ta ci gaba da lambunta. Ruwan farko ta shuka, watan Mayu ta raba tsinkar fari, ranar Sallah ta fita da bokiti. Zargi ma ba ta daina ba, kajina dai ba su huta ba har ta koma ga Allah. Abu ɗaya ne ban ƙara ji daga bakinta ba, sunan surukarta da mugun abu. Misbahu yakan aiko da saƙo jefi-jefi, zuwa kuwa sai a shekara biyu ko uku.

A wata Sallah da ya zo, ya je ƙauye ya ɗauko Rahinatu da Baballe suka kawo mata gaisuwa. Baballe ya isa shiga makaranta a lokacin, kamarsa ɗaya da mai sunansa. Goggo ta kwana biyu tana shiri, ta yi miyar yakuwa da kan rago, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta miƙa masa hannu tana cewa angona ya dawo. Yaron bai jin Hausa. Ya gaishe ta da ladabi yadda aka koya masa, ya ci abinci kaɗan, ya zauna yana kallon rufin kwano da baƙin fuskoki. Da aka jima ya ja gefen zanin uwarsa ya yi mata magana da Faransanci, a hankali, amma duk mun ji.

"Mama, yaushe za mu koma gida?"

Goggo Larai ba ta iya Faransanci ba, kuma duk abin da aka faɗa a gabanta da shi sai ta tsare mutum ya fassara mata, don kar a ce da ita ake. Ran nan ba ta tambayi kowa ba.