Taragon da Na Gama da Wuri

Mu ba mu da murhu. A hawa na goma sha huɗu muke a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje, fanka na juyawa a kanmu, ruwan sama na dukan taga. Nan Hajiya Kaka, mahaifiyar Abba, ta yi wata biyu da ta zo ganin likitan ido. Ina da shekara tara.

Lokacin ne Abba ya sayo mini taragon jirgin ƙasa na roba, gutsi-gutsi a kwali, da 'yar kwalbar gam. Takardar ciki ta ce a manna ɗaya, a jira ya bushe. Ni kuwa jira ba halina ba ne. Kaka ta lura, sai ta kafa doka: bayan magariba in manna gutsure ɗaya, ita kuma ta yi tatsuniya har gam ya kama. Yana kamawa take yin shiru.

"Shafa mu tafi, uwar gaggawa." Haka take buɗewa.

Labarin Delu ne, yarinyar da barci ya kwashe a taragon gyaɗa a Nguru. Duk tashar da aka tsaya, sabon gari. A wani, awaki ke karɓar tikiti. A wani, mutanen ba su da inuwa, suna roƙon ta ara musu tata. Ita dai gida take nema. Ni ma na matsu ta isa.

Saura kwana huɗu Kaka ta koma Kano na duba kwali, gutsure tara suka rage. Da rana na kulle ɗaki na manne komai, rufi, ƙofa, tayoyi, gam har gwiwar hannu. Na kai mata.

"To Kaka, yau gaba ɗaya. Delu ta isa gida?"

Ta kai shi kusa da idonta mai lafiya. "Ya yi kyau. Yanzu kuma me za mu jira?"

"Haba Kaka, ƙarasa lah!" na ce, da "lah" ɗin da 'yan garin ke liƙa wa magana.

"Ke kika tsayar da jirgin, 'yar nan, ba ni ba."

Ba ta ƙarasa ba, har Allah ya karɓi ranta.

Na daɗe ina cewa haƙuri take koya mini. Umma ta ce a'a, nan take take ƙirƙira, ita ma ba ta san ƙarshen ba, ni na ba ta mafita. Abba ya ce so take in biyo ta Kano in ji saura. Har yau ban san wanda zan gaskata ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, ko na bi dokarta, dare huɗu ba zai ishi gutsure tara ba. Kuma Kaka ta riga ni leƙa kwalin.