Yaya Mai Ganye, Kwalbar Auta Ta Kusa Ƙarewa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata, wadda zaman tare ya mayar da ita yayata, wadda duk unguwa ke kira Mai Ganye. Ta faɗi ne a ɗan lambun da ke bayan ɗakin da take duba marasa lafiya, tana cikin ban ruwa. Telan da shagonsa ke jingine da katangarta ne ya ji faɗuwar bokiti, ya yi ta sallama ba a amsa ba, ya leƙa. An kai ta asibiti, likitoci suka ce zuciya ce. Kafin a kira Azahar ta cika. Ina tsakiyar biya wa matan unguwa karatu aka zo aka raɗa mini a kunne. Na rufe Alƙur'anin a hankali, na ce wa ɗalibai su tafi gida.

Yaya, ban saba rubutu irin wannan ba. Zan faɗi abin da idona ya gani kawai, don na san ba za ki so a ƙara miki ko ƙwayar zarra a kan abin da kika yi ba.

Ba ki taɓa yarda a ce miki likita ba. In wani ya faɗa, sai ki ce, "Likita yana asibiti, ni mai tambayar me ka ci ce." Kuma haka ne. Duk wanda ya shigo ɗakin nan naki mai kujeru biyu da gadon gwaji da taga a buɗe kullum, ba ya fita da magani a zuwan farko. Tambaya kike yi har mutum ya gaji. Me kake ci, da wane lokaci? Ruwan da kake sha daga ina yake? Ɗakin barcinka yana da taga? Yaushe rabonka da ka yi tafiyar ƙasa har ka yi gumi? Wa ya ɓata maka rai? Daga nan sai ki ce a je asibiti a yi gwaji a kawo miki sakamako. Na sha jin mutane suna fita suna ƙunƙuni, wai sun zo neman magani an tsare su da tambaya kamar a gaban alƙali. Akwai direban babbar mota da ya ce miki, "Hajiya, in asibiti zan je, me ya kawo ni nan?" Kika ce masa, "Ƙaninmu, kai da kake buɗe gaban mota kafin ka zuba mata mai, cikinka ne za a zuba wa abu ba a duba ba?" Ya yi dariya, ya tafi, ya dawo da takardar gwaji, ashe sukari ne ya yi masa yawa bai sani ba.

Kina da abin da ba kya taɓawa. Ƙullutu a jiki, jini mai zuba, yaro mai zazzaɓi mai zafi, mace mai ciki da ƙafa ta kumbura, duk waɗannan sai ki ɗauki mayafinki ki raka mutum asibiti da ƙafarki. Ban taɓa jin kin ce wa kowa ya ajiye ƙwayar da likita ya ba shi ba. Aikinki shi ne abinci da ganye da ruwa da hasken rana da hutu, kuma kin tsaya iyakar inda saninki ya tsaya.

Karatun nan a wata ƙasa kika yi shi, lokacin da aiki ya kai maigidanki can. Takardar shaidar tana rataye a bango, rana ta ci launinta. Wata rana na tambaye ki amfaninta, kika yi murmushi kika ce tana rufe tsagar bango. Sannan kika zauna kika yi mini bayani. Kika ce a inda kika yi karatu ana yi wa masu wannan aiki jarrabawa, a ba su lasisi, wanda ya yi ganganci a ƙwace. Kika ce cikin ƙawayenki na makaranta, da aure da aiki suka watsa su ƙasashe, akwai wadda ke aiki a asibiti kafaɗa da kafaɗa da likitoci, akwai wadda in ta rataya allo a ƙofarta za a iya kama ta, akwai wadda ta haƙura ta koma sayar da sabulu. "Mu kuwa a nan, Malama," kika ce, "ba a hana mu ba, ba a san da mu ba. Ni da mutumin nan mai lasifika a kan mota, mai kwalba ɗaya maganin cuta arba'in, a idon hukuma ɗaya muke. Wallahi ina so wata rana wani ya ƙwanƙwasa ƙofar nan ya ce ya zo bincike na." Har kika koma ga Allah ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Yanzu bari in zo kan Auta.

Autata budurwa ce yanzu, amma lokacin da na kawo miki ita, ɗaukar ta yayanta ya yi daga mota zuwa ɗakinki. Ciwon hanji ne. Likitarta ta asibiti, Allah Ya saka mata da alheri, ta tsayar da zubar jinin da magungunanta, amma abinci ya ƙi zama. Duk abin da ta ci sai ya dawo, ko ya murɗe ta har ta kwanta a ƙasa. Zobenta ya riƙa zamewa daga yatsa. Babanta ya daina cin abinci a gabanta don kunya.

Ba ki ba ta komai ba ran nan. Washegari sai ga ki a ɗakin girkina, kina buɗe tukwane, kina shinshina man girki, kina ɗaga gwangwanaye kina karanta bayansu. Na ji nauyi ƙwarai, kika ce, "Malama, kwantar da hankalinki, nawa ya fi naki hargitsi." Kika fara da ruwan shinkafa cokali cokali. Bayan kwanaki kika ƙara dafaffiyar ayaba, sannan romo marar mai. Duk abin da cikin ya ƙi, ki janye shi, ki jira, ki sake gwadawa. Sai da aka yi nisa kika kawo kwalbar nan ta garin ganye, ƙaramin cokali a ruwan ɗumi kafin karin kumallo. Ranar da Auta ta cinye rabin faranti ta ce a ƙara, ke kika fara kuka kafin ni. Ban ce garin ne ya tashe ta ba. Allah ne Mai warkarwa, kuma ke ma abin da kike cewa ke nan. Abin da na sani shi ne, sau ɗaya da muka yi tafiya muka manta kwalbar a gida, murɗar ta dawo.

A jikin kwalbar ba abin da aka rubuta sai "Auta". Haka duk kwalabenki suke a kan kanta: Direba, Maman 'Yan Biyu, Baba Mai Gadi, Amaryar Tela. Sunan mai shi kawai, ba sunan abin da ke ciki. Dalilinki kowa ya sani. A farkon aikinki kina rubuta komai, sai wani dattijo ya karanta sunan ganyen, ya ga ai ana sayar da shi a kasuwa, ya sayo dami guda ya dafa tukunya ya yi ta sha kamar shayi, don a ganinsa in kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Da ƙyar aka ceto ƙodarsa. Tun daga ranar kika daina rubutawa, kika daina faɗa. Kuma ba kya haɗa na mutum biyu iri ɗaya. Ko na Auta, duk cikawa sai kin duba harshenta da idonta, kin tambayi barcinta, sannan ki shiga ciki ki rage wannan ki ƙara wancan.

Na taɓa tsokanar ki, na ce, "Yaya, wannan fa rowa ce." Kika ce, "Ke Malama, kina ba ɗalibar da ta fara jiya izu goma ta tafi da shi gida?" Na ce a'a. Kika ce, "To bari cikin yarinyar nan ya zauna wuri ɗaya, awon ya daina canzawa. Ranar zan kai ki lambu in nuna miki su ɗaya bayan ɗaya, ki riƙa haɗa mata da hannunki." A cikawar ƙarshe kin ce mun kusa.

Ba zargin ki nake yi ba, Allah Ya sani. Tsoron cutar da mutane ne ya sa kika rufe bakinki, kuma kin nemi wanda za ki koya wa. Waɗanda suka zo, wata ta yi sati biyu ta ce tambayoyin sun yi yawa, wani ya ce shi haɗin da ake sayarwa da yawa yake so a nuna masa. Makarantar da za ki tura mai son koyo da gaske kuwa, babu ita kusa.

Bayan an tashi daga zaman makoki, 'yarki ta buɗe ɗakin. Mutane suka yi ta zuwa, kowa ya ɗauki kwalba mai sunansa ya tsaya yana juya ta a hannu. Baba Mai Gadi ya dubi 'yarki ya ce, "'Yata, in wannan ya ƙare fa?" Ta ce, "Baba, ni aikin banki na karanta." Ta fashe da kuka, shi ma ya share ido da hularsa.

Ni kuma na bi duk ƙofar da na sani. Na je wurin likitar Auta. Ta tuna da ke sarai. Ta ce kin taɓa zuwa kin lissafa mata abin da ke cikin garin don kada ya yi karo da magungunanta, ta saurara, ta ga ba matsala, amma ba ta rubuta ba, don a takardun asibiti ba gurbin da ake rubuta irin wannan. Ta ce ta tuna akwai citta, sauran sun shige mata. Na ce ko za a auna garin a gano? Ta ce ɗakin gwajinsu jini da fitsari yake aunawa. Ta riƙe hannuna ta ba ni haƙuri, kuma na ga har ranta abin ya dame ta. 'Yarki ta ɗauki hoton garin ta aika wa ƙawayenki na makaranta ta waya. Suka yi ta'aziyya mai kyau. Ɗaya ta ce ba mai iya gane garin ganye a hoto. Ɗaya ta ce dokar inda take ba ta ba ta damar ba da magani ga wanda ba ta gani ba. Gaskiya suka faɗa, ke ma da haka za ki ce.

Baban Auta ya shigo da wata kwalba da ya saya a bakin tasha, an rubuta mata cututtuka tun daga wuya har gindi. Ya ce, "Malama, ko za mu gwada? Shi ma ai ganye ne." Na karɓa na ajiye a saman kabad. Bai sake tambaya ba. Ba laifinsa ba ne, uba ne. Wataƙila a garin nan akwai wani mai gaskiya irinki, amma ta ina zan gane shi? Allon ƙofarsu duk iri ɗaya ne.

Na shinshina garin har hancina ya daina ji. Na gane citta, na gane na'ana'a. Akwai wani abu mai ɗaci a ƙarshen harshe, da wani mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, ban san su ba. Ko da na san su, ban san awonsu ba, kuma ba zan yi kirdado a cikin 'yata ba.

Cokali ya fara taɓa gindin kwalba. Shekaranjiya da safe na ga Auta ta ɗebi rabin cokali, ta karkaɗe sauran a hankali ta mayar. Ta ga ina kallon ta, ta ce, "Umma, in ina ragewa zai ɗan daɗe." Ke kin ce kada a ƙara, kada a rage. Na rasa wanne ne daidai, ta rage ko ta bari ya ƙare, na juya na ci gaba da wanke kofi.

Maigidanki ya ba ni mabuɗin lambu, ya ce shi ba ya iya shiga. Kullum bayan na idar da azkar na safe nakan je da bokitin nan naki da ya lotsa a gefe. Na san maganin Auta yana nan a cikinsu, ina wuce shi, wataƙila ma zanena yana shafar sa. Ciyawa ta fara fitowa a tsakanin shuke-shuken, ban cire ko ɗaya ba. Duka nake ba su ruwa, Yaya, don ban san wanne ne kika shuka ba, wanne ne ya fito da kansa.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta ji tsoron cutar da bayinKa, Ka amintar da ita daga tsoron ranar tsayuwa. Duk lomar da wani marar lafiya ya haɗiye ta zauna ta sanadinta, Ka sanya ta a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'yarta, da ɗanta da ke nesa wanda bai samu jana'iza ba, da 'yan'uwanta, da duk masu kwalba a kan kantar nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ya Allah, Kai Ka san sunan kowane ganye a lambun nan da awonsa. Ga Auta nan. Amin.