Takardun Iya Kaltume Masu Ƙamshi

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan gidanmu ranar Juma'a da hantsi ya san Iya Kaltume na turara takardunta. Za ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta kifa kwando, sannan ta jera su a kai kamar mai shanya kayan jariri. Idan muka yi dariya sai ta ce, "Takarda ma mutum ce. Wa zai karɓi baƙon da ke wari?"

Ku da kuka taso kuka same ta a ƙauyenmu na gefen Watari, ƙila kun manta ba 'yar nan ba ce. Daga Abeshe ta ƙasar Cadi Baba Sale, yayan mahaifina, ya auro ta lokacin yana fataucin albasa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan littattafan soyayya, na sha matsa mata ta ba ni labarin haɗuwarsu, ina jiran in ji an haɗa ido zuciya ta buga. Ta ce, "Albasarsa ce ta ruɓe, na same shi yana hawaye, na ji tausayinsa." Ƙarshen labari ke nan. Allah bai ba su haihuwa ba. Da Baba ya rasu sai ta rage ita kaɗai a ɗakin ƙarshe, ba mai jin Larabcinta sai akuyarta.

Ana haka wani direba ya kawo saƙo cewa yayarta Ashe, wadda ita kaɗai ta rage mata, ta makance kuma tana kwance. Muka ce ta hau mota kawai. Ta ƙi. "A bayan buhun albasa na shigo ƙasar nan. Da takarda zan fita, kamar matar mutum." Da yake ni ce mai karatun boko a gidan, ni na riƙa raka ta birni.

Ofishin farko suka tura mu ofishin 'yan Cadi, can kuma suka ce ta kawo shaidar zamanta a nan. Muka dawo, aka ce a kawo hoto. Iya ta ce ba mai ɗaukarta sabon hoto da wannan tsufan. Ta sa almakashi ta yanko fuskarta daga hoton da suka taɓa ɗauka da Baba, shi kaɗai ne suke da shi. Ma'aikacin ya juya shi, ya sake juyawa.

"Iya, wannan kafaɗar ta waye?"

"Ta mai gidan."

"Ai ke kaɗai ake so."

"Yaro, shi ya kawo ni. Ka bar masa ko da kafaɗar ce ya raka ni."

Bai karɓa ba, amma sai da ya shinshina takardun ya kira abokin aikinsa shi ma ya ji. A ranar aka ɗauke ta sabon hoto, ta ɗaure fuska kamar an ci mata bashi, kafaɗar Baba kuma ta koma cikin lalitarta.

Sai batun yatsa. Na'urar da ke ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ganin nata, saboda lallen Iya baƙi ne ƙirin, ba ta bari ya kwana bakwai ba ta sabunta ba. Wata ma'aikaciya ta ce ta haƙura da shi na sati uku.

"Shekara arba'in Malam bai taɓa ganin farin yatsana ba."

"Allah Ya jiƙansa, Iya, ai kin ce ya rasu."

"To sai in ci amanarsa don ba ya nan?"

A hanya na tuna mata cewa Ashe ba za ta jira lalle ba. Motarmu ta wuce Rijiyar Zaki. Can ta ce, tana kallon taga, "Waɗancan sun ce ni 'yar nan ce, waɗannan sun ce ni 'yar can ce. Malam ne kaɗai ya san inda nake." Ta bar lallen, amma sati ukun nan da tsumma ta naɗe yatsunta, duk wanda ya tambaya ta ce ƙuna ce.

Sai da aka girbe gero takardar ta fito. Ta turara ta kwana biyu a jere, ta tafi. Bayan wata guda ta dawo a fusace, ta ce a duk shingen da suka tsaya, da an leƙo an ga tsohuwa sai a ce su wuce. A na ƙarshe ta sauko da kanta ta tare wani jami'i. "Wata biyar na sha wuya a kan abin nan, wallahi sai ka duba." Ya duba don ya samu lafiya.

Muka yi ta dariya, sai da kowa ya watse ta gaya mini sauran. Ta samu Ashe da rai, amma hankalinta ya fara tafiya. Iya ta gaishe ta, Ashe ta ce, "Kaltume yarinya ce. Wannan muryar tsohuwa ce, kuma Larabcinta na baƙi ne." 'Ya'yan gidan ba wanda ya taɓa ganin Iya. Ta rasa abin yi, sai ta yi abin da ta saba yi wata biyar: ta zaro takarda ta miƙa, ta manta makauniya take miƙa wa. Ashe ta shafa ta, ta kai ta hanci, ta daɗe a haka. Sai ta ce, "Wannan turaren haɗin mahaifiyarmu ne. Kaltume, me ya tsayar da ke?"

Kwana tara suka yi tare, Ashe ta cika. Na tambaye ta me ya hana ta zama a can. Ta ce, "Wa zan zauna wa? A nan ko ba komai akwai kabarin Malam, akwai akuya."

Yau kwanan Iya arba'in da rasuwa. Jiya na buɗe lalitar, ga takardun, ga ɗan guntun hoton da kafaɗar Baba a gefe, ƙamshin ya cika ɗakin da ba kowa. Allah Ya jiƙan Iya Kaltume, Ya sada ta da Ashe da Malam ɗinta, Ya karɓi baƙuncinta a gidan da ba za a sake ce mata 'yar can ba. Amin.